Daga Gaya zuwa Dala tare da Baffa

Mu mutanen karkarar Gaya ba kasafai muke shiga Kano don kallo ba. Ko dai an kai marar lafiya asibiti, ko sayayyar kayan aure a Kwari, a juyo kafin duhu. Shi ya sa da aka ba da hutun makaranta bayan an gama kaka, na ce zan kai yaran wana su ga birni da idonsu. Baffa, ƙanin mahaifinmu, wanda ya tsufa a maƙera, ya ji maganar ya ce ƙafarsa ƙafarmu.

Mun yi sammako cikin sanyin hunturu. A gadar Wudil hazo ya rufe kogin, masu kwalekwale kawai muke hangowa. Daga nan sai Mariri, sai Hotoro, muka ɗauki adaidaita sahu zuwa cikin gari.

Gidan Makama muka fara shiga, nan kusa da fadar Sarki. Ginin ƙasa ne mai kaurin bango, ciki da sanyi ko rana ta take. Mai zagayawa da baƙi ya ce Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya zauna a nan kafin a gina masa Gidan Rumfa. Yara sun tsaya kan hotunan zuwan Turawa a 1903, su da sulke da lifidi. Baffa kuwa bai wuce tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari ba. Ya daɗe yana shafa ƙarfen, yana bin ƙusoshin da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Zo nan, ɗana," in ji shi. "Ka ga wannan? Ba ƙarfen Bature ba ne. Tama aka narka, aka buge ta da masaba a kan uwar maƙera. Dubi yadda kowace ƙusa take da nata kai."

"Baffa, yanzu za a iya irinta?"

"A iya bugu dai. Narkar tama kuwa, ko ni ban tarar ba. Kakanka ne ya ga ƙarshenta."

A marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take, mun tarar da dattawa suna tsoma zane cikin ruwan baba da toka, su ɗaga ya sha iska, su sake tsomawa, launin yana ƙara duhu a gabanmu. Can gefe ƙarar mabuga na tashi. Amma ramukan da ke aiki ba su kai waɗanda aka bari ba, wasu har shara ta cika su. Abin ya taɓa ni ƙwarai, domin babar da ake rinin nan da ita shuka ce ta gonakin ƙauye irin namu, kuma yau ban san mai nomanta ko ɗaya a wajenmu ba.

Kasuwar Kurmi ratsa ta kawai muka yi, ƙamshin fata da na kayan yaji na bin mu lungu-lungu. Muka ci gurasa bandashe a wajen Jakara, ta sha ƙuli da man gyaɗa da albasa.

Dala ce ta ɗauke mana sauran yinin. Yara suka haye matakalar a guje, ni da Baffa muna tafe muna hutawa. A sama birnin gaba ɗaya yana shimfiɗe: ga Gwauron Dutse, ga hasumiyoyin babban masallaci, ga guntayen badala da suka rage daga ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa, gidaje sun ci wasu wuraren har ba ka gane inda ta bi. Wani matashi ɗan unguwar ya soma ba mu labarin Barbushe da Tsumburbura. Baffa ya saurare shi har ya kai aya, sannan ya tambaye shi ko ya san Abagayawa. Yaron ya ce yana dai jin sunan.

Baffa ya zaunar da jikokinsa ya gaya musu abin da ya ji daga manyansa, wanda kuma masu tarihin Kano suke faɗa: maƙera ne daga Gaya suka zo gindin dutsen nan neman tama, suka same ta, suka zauna. Na san labarin tun ina aji, amma jin sa daga bakin maƙeri a kan dutsen kansa daban ne. Ƙaramar cikinsu ta ce, "Kaka, ashe nan ma garinmu ne?" Ya ce, "Ƙwarai kuwa, uwata."

Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne ledoji da ƙazantar da ke gefen dutsen, da yadda gine-gine suka matse shi ta kowace fuska. Wuri irin wannan ya cancanci mai shara da mai bayani na dindindin.

Bayan la'asar muka sauko muka nufi tasha. Tun a mota na fara lissafin kuɗin bas guda, domin ina so in kai wa shugaban makarantarmu shawarar a kawo 'yan aji shida kafin zafi ya shigo, kuma Baffa ya yarda zai biyo su.