Makin Hajiya da tambaya ta tara

Watana na biyu da fara aikin nas a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa a wani asibiti a Jos aka miƙo mini takardar PHQ-9. Tambayoyi 9 ne kan yadda mutum ya kwana ya tashi a makonni 2 da suka wuce, kowace da maki daga 0 zuwa 3, jimilla 27. Wanda ya kai 10, a bincike shi kan ciwon damuwa. Na haddace ta kamar karatun allo.

Wata safiya, sanyin hunturu na kaɗawa, wani saurayi ya kawo mahaifiyarsa daga Anguwan Rogo. Na ce, "Mama, kina yawan jin baƙin ciki?" Ta ce, "Alhamdulillahi, 'yar nan." Barci fa? "Sai godiya." Maki 3 na tara mata. Saura ƙiris in sallame ta.

Babbar nas ɗinmu ce ta ja kujera, ta sa ɗan ya jira a waje, ta ce, "Hajiya, ina ne ke ciwo?" Sai ga magana. Kai na zafi kamar an ɗora garwashi, wani abu na yawo a bayanta, tun rasuwar maigida rabonta da barcin kirki. An yi ruƙiyya, an sha rubutu. Muka sake bin takardar a hankali da kalmominta, maki ya tashi 17. Ranar na kasa cin abinci, don na san da hannuna na kusa mayar da ita gida.

Har yau abokan aikina ba su daina gardama a kan takardar ba. Wasu na cewa a Amurka aka tsara ta, ba ta san kunya da kawaicin Bahaushe ba. Gaskiya ne. Amma ni ba zan ajiye ta ba. Likitocin fannin ba su da yawa, kuma idan na rubuta 17 yau, bayan wata guda na rubuta 9, duk wanda ya karɓi aiki ya san magani yana ci.

Tambaya ta tara, wadda ke neman sanin ko mutum na ganin gara ya mutu, da tsallake ta nake yi saboda nauyin baki. Yanzu sai na rufe ƙofa, na sassauta murya, na ce, "Mama, akwai lokacin da kike jin kin gaji da duniyar?" Sannan in yi shiru in jira.