Hula ta uku

Ni ne mai tsaron gida a ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta tsofaffin unguwarmu a nan Garwa ta Kamaru. Shekara goma sha ɗaya ke nan duk safiyar Lahadi ina tsaye a bakin raga, a wasan da mutanen ƙasar nan suke kira do-zero. Katin ɗan ƙasana ya ce an haife ni "wajejen 1966", kamar yawancin sa'o'ina da ba a yanka wa takardar haihuwa da wuri ba, sai dai gwiwata ta hagu tana rantsuwa na girmi haka. Sauran kwana shidan ina shago ina sayar da kayan gyaran babur.

Bana tun a rukuni aka yi waje da mu a gasar tsofaffi. Faɗuwa kam na sha ta, ba ta hana ni barci. Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka yi rabon.

Ranar ƙuri'a bayan la'asar muka taru a gindin darbejiyar bakin fili. Ƙungiya goma sha biyu, kowace ta zube sefa 25,000. Da Faransanci tukwanen da ake zuba sunaye a ciki "shapo" ake ce musu, wato hula, shi kuwa shugaban kwamitinmu ba ya son kwana-kwana: ya tuɓe tasa zanna bukar ya kifa a kan tebur, ya ari biyu a kan mutane. Hula ta farko, ƙungiyoyi huɗun da suka kai kusa da na ƙarshe bara, su ne shugabannin rukuni. Ta biyu, mu huɗun da aka tsayar a zagayen da ke gabansa. Ta uku, ragowar da kuma sababbin shiga. Aka kira wani yaro mai tallar ruwan sanyi ya riƙa zaro takardu, don kada a ce da hannun wani. Yaron bai cuci kowa ba, na shaida. Tun kafin ya sa hannu aka gama aikin.

A cikin hula ta ukun nan akwai wata sabuwar ƙungiya ta waɗanda suka cika 45 kwanan nan, wato mafi ƙarancin shekarun da dokarmu ta yarda da su. Wasunsu sun taɓa buga ƙwallo ana biyansu albashi. Ɗan gabansu ko furfura ɗaya babu a gemunsa. Kowa a wurin ya san su ne dodon gasar, amma tunda ba su buga bara ba, sai doka ta ajiye su tare da marasa ƙarfi. Yaro ya zaro mai riƙe da kofi, ya zaro mu, ya zaro su. Na ji wani a bayana ya ce, "Inna lillahi."

Sun zuba mana huɗu ba ko ɗaya. Ta uku har yanzu ina ganinta: na yanke shawarar faɗawa dama, kafin jikina ya amsa kira ƙwallo ta riga ta dawo daga raga. Da mai riƙe da kofi muka yi kunnen doki, ɗaya da ɗaya, su kuma yaran suka doke su biyu da ɗaya. Maki ɗai-ɗai muke da shi, bambancin ƙwallaye ya kore mu. Sai na tuna gasar cin kofin duniya ta 1982, ina saurayi muna kewaye da rediyo: Kamaru ta yi canjaras da Peru, da Poland, da Italiya, ba wanda ya doke ta, makinta daidai da na Italiya, amma ta dawo gida don Italiya ta zura biyu ita ta zura ɗaya. Italiyar ce kuma ta je ta ɗauki kofin.

A can rukuni na huɗu fa? Shugabansu wata ƙungiya ce da ta yi tashe bara. Tsakanin bara da bana an mayar da ɗan tsakiyarsu Ngaundere da aiki, an yi wa mai tsaron bayansu aikin ƙaba, ɗan gabansu kuma ya rasu cikin azumi, Allah ya jiƙansa. Suna kawai ya rage a hula. Sauran biyun suka bi ta kansu suka wuce ba gumi, ɗaya daga ciki ma mun sha lallasa ta a wasan Lahadi.

Na tari shugaba bayan sallar Juma'a. Na ce, "Alhaji, wannan rabo bai yi ba." Ya ce, "Malam, haka FIFA take yi, haka CAF take yi, mu su wa?" Na ce ƙasa kullum haihuwar sababbin 'yan wasa take, in wani ya tsufa wani ya taso. Mu kuwa ragewa muke yi. Shekara ɗaya a jikin ɗan 25 ba ta nuna, a jikin ɗan 58 tana iya tafiya da gwiwa sukutum. Sakamakon bara labarin wasu mutane ne daban, ko da rigarsu iri ɗaya ce da tamu. Na kuma tuna masa gasar cin kofin Afirka a Janairun 2022, muna zaune tare a filin Rumde Ajiya. Najeriya ta cinye wasanninta uku a nan Garwa, Masar da Sudan da Gini Bisau, tukuicinta aka haɗa ta da Tunisiya wadda ta lallaɓo a matsayi na uku daga nata rukunin. Msakni na Tunisiya ya sa ɗaya, shi ke nan, mutanen Yola suka hau motocinsu shiru. Zaki ne ya shigo da fatar tunkiya. Alhaji ya yi dariya ya ce to kawo wadda ta fi.

Wadda ta fi, daga inda ban zata ba na jiyo ta. Ɗan yayana yana tuƙin tasi a Las Vegas ta Amurka, kuma duk shekara wajen watan Satumba garin yana cika da tsofaffi masu furfura da jakunkunan sanduna, sun zo babbar gasar softbol. Wasa ne ɗan'uwan besbol: a lilo maka ƙwallo daga ƙasa, ka maka mata sanda, ka zagaye kusurwa huɗu a guje. Ya turo mini bidiyo ta WhatsApp, na ga ɗan saba'in da wani abu yana sheƙa gudu da abin ɗaure gwiwa. Na ce, "Ɗana, yaya suke raba su?" Ya ce, "Baba, ai a motata suke wuni suna gardamar nan."

Abin da na tsinta ga shi. Shekaru biyar-biyar suke raba su, 'yan 50 daban, 55 daban, 60 daban, haka har 80 da ɗoriya. A cikin kowane rukunin shekaru kuma akwai matakan ƙarfi huɗu, daga AA da AAA zuwa manya biyu na sama. Idan suka iso gasa, sai sun fara buga wasannin gwaji a nan take, sakamakonsu ne yake jera su, sannan a shiga sili, inda galibi sai an doke ka sau biyu kake tattara kayanka. In maki ya zo ɗaya sai a duba wanda ya ci wani a haɗuwarsu, sannan wanda aka fi zura wa kaɗan. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne, idan ƙarancin ƙungiyoyi ya sa dole a haɗa mai ƙarfi da mai rauni, ana ba mai raunin rarar maki biyar, ko kuma ƙarin mutum ɗaya a fili. Har wurin taka ƙafa na daban suka ware wa mai gudu a kusurwar ƙarshe, don kada tsoho ya yi karo da tsoho. Mutanen nan sun zauna sun yi tunanin gwiwa.

Su ma ba su tsira ba. Ya ce babban ƙorafin fasinjojinsa shi ne masu ɓoye ƙarfi, ƙungiyar da za ta yi laƙwas da gangan don a bar ta a matakin ƙasa ta riƙa kwasar kofuna. Wannan kuwa mun san shi. A 1982 ɗin nan dai, a garin Gijon na Sifen, Jamus ta Yamma ta ci Ostiriya ɗaya suka koma gara ƙwallo a tsakaninsu don sakamakon ya ishe su wucewa su biyun, Aljeriya ta fita, abin da ya sa tun daga nan ake buga wasannin ƙarshe na rukuni lokaci guda.

Na rubuta wa kwamiti takarda shafi ɗaya. Raba shekaru ba zai yiwu mana ba, 'yan sama da 55 ba za su cika ƙungiya biyar ba. Don haka na nemi abu biyu. A ware Lahadi ɗaya kafin ƙuri'a a yi gajerun wasanni na minti ashirin-ashirin, da su za a cika huluna, bara ta tsaya a bara. Sannan in matsakaicin shekarun wata ƙungiya ya ɗara na abokiyar karawarta da goma, a ba ta zaɓi: ƙwallo ɗaya tun kafin a busa usur, ko mutum na goma sha biyu.

Alhaji ya karanta ya ce wa zai riƙa lissafin shekarun, alhali rabinmu "wajejen" ne a kati? Ya ce da muna samari rage shekaru ake yi don a shiga ƙungiyar matasa, yanzu so nake a koma ƙarawa. Ban da amsa mai ƙarfi a nan, sai na ce a yi aiki da abin da kati ya faɗa.

Wanda ya fi tayar da jijiyar wuya ma ɗan gabanmu ne, mai shekara 61, wanda rabonsa da zura ƙwallo tun kafin damina. Ya ce, "Malam, ni ba almajiri ba ne, ba na karɓar ƙwallon sadaka." Na ce to mutum na goma sha biyun fa? Ya yi shiru, ya sosa ƙeya, ya ce wannan a iya dubawa, in dai a baya za a ajiye shi, kusa da ni. An sa zaman kwamiti Asabar ta biyu bayan babbar salla.