Fijon Baba, mako na tara: ta tashi, amma sai da ta kunyata ni

Assalamu alaikum 'yan uwana masu koyon taɓa tsohon ƙarfe. Mako uku ke nan ban ce uffan ba a kan motar nan. Ba watsi na yi da ita ba, kunya ce ta rufe mini baki. Tunda yanzu ta tashi, bari in fayyace abin da ya faru, ko wani zai tsallake ramin da na faɗa.

Ga wanda bai san inda aka kwana ba, Fijo 504 ce fara, haɗin Kaduna, wadda mahaifinmu ya saya a 1981. Shekara goma sha huɗu tana ajiye ƙarƙashin darbejiya a bayan gida, tun lokacin da idonsa ya fara rauni ya daina tuƙi. Kaji sun yi ƙwai a kujerar baya, ɓeraye kuma sun mai da cikin bonet gidan gado. A makonnin farko na sauke tanki na wanke tsatsa, na zubar da tsohon baƙin mai, na kai lagireto aka wanke, sannan na ɗiga mai a ramukan fulogi na bar shi kwana uku kafin in gwada juya injin da hannu. Da ya juya ba tare da gardama ba, na ɗauka aiki ya ƙare, saura wuta kawai.

Wutar ce ta ci ni. Ku da kuka taso da motocin injekta, ku sani cewa wannan ba ta da kwamfuta ko ɗaya. Kwayil ne ke haifar da wuta, kwantak da ke cikin distribita ya buɗe ya rufe, rota ta juya ta raba wa fulogi huɗu, kowanne a lokacinsa. Na sa sabon kwantak, na auna tazararsa 0.40 na milimita, na daidaita bakin fulogi a 0.6. Duk wannan na yi shi daidai, har ina jin kaina. Kuskuren yana wajen wayoyin fulogi. Ɓeraye sun riga sun tauna su, sai na fizge su gaba ɗaya na watsar ban sa wa ko ɗaya alama ba. Na je kasuwar Ƙofar Ruwa na samo sababbi, na tuna jerin wutar injin, 1-3-4-2, na ƙirga tukwane, wato silinda, daga gaba wajen fanka, na jona.

Na murza mukulli, sai ta yi wata irin ƙara kamar an harba bindigar toka. Kajin maƙwabta suka tarwatse, Hajiya ta leƙo daga soro tana salati. Na sake murzawa, ta sake tofar da wuta. Daga nan na shiga zargin bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba. Kafireto na fara kamawa, na kwance Solex ɗin nan sau biyu, a karo na biyu wani ɗan ƙaramin jet ya suɓuce ya faɗa cikin yashi, na yi rabin yini ina tankaɗe ƙasa da rariyar kicin. (Ku shimfiɗa tsohon zani ko faranti kafin ku buɗe kafireto. Rariyar ma ba a yafe mini ita ba har yau.) Na sayi sabon kwayil alhali tsohon lafiyarsa ƙalau. Batir ya mutu sau biyu saboda yawan kik.

Da abin ya ishe ni, na ɗauko wani dattijon bakanike da ya daɗe yana yi wa mahaifinmu gyara. Ya kusa shekara tamanin, ya bar gareji ga 'ya'yansa, amma da ya ji an ce 504 ce sai ya nemi hularsa. Bai taɓa komai ba da farko. Ya zagaya motar, ya shafa fitilar gaba, ya leƙa inji, ya bi wayoyin da ido.

"Ɗana, daga ina ka fara ƙirga?"

Na ce, "Daga gaba mana, Baba, nan wajen fanka."

Ya yi dariya har sai da ya dafa mota. "Ai Bafaranshe ba ya ƙirgawa daga gaba. Lamba ɗaya tana can baya, wajen kuloci."

Ga bayanin yadda na fahimce shi daga baya. A injin mai tukunya huɗu, fistin na ɗaya da na huɗu tare suke hawa, tare suke sauka. Amma idan ɗaya ya hau yana matse mai da iska, ɗayan hayaƙi yake korawa waje. Ni kuwa na ba tukunyar gaba wayar da ta kamata ta tafi baya, saboda haka kowace wuta tana isa ne lokacin da bawul ke buɗe, ba abin da za ta ƙona sai ragowar mai a hanya. Harbin da ya firgita unguwa ke nan. Jerin 1-3-4-2 daidai ne, wurin farawa ne na juya.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya tabbatar. Bai ce in yarda da maganarsa ba. Ya sa na cire fulogin baya, ya ce in toshe ramin da babban yatsa, shi kuma ya sa sifana a kan fuli yana juya injin a hankali. Can sai na ji iska tana turo yatsana, tana neman hanyar fita da ƙarfi. Ya ce, "To, ka ji ta? Yanzu buɗe murfin distribita ka ga inda rota ta sa gaba. Nan ne gidan wayarta." Daga nan muka bi sauran ukun ta inda rota ke juyawa. Don ya gane daidai lokacin da kwantak ke buɗewa, sai ya maƙala wata siririyar takarda a bakinsa, yana ja a hankali yana murza distribita har takardar ta zame. Ya ce da takardar kwalin sigari suke yi a da. Aikin da ya ci mini mako uku bai kai minti ashirin a hannunsa ba.

Kik na biyu ta kama. Ta yi tari, ta turnuƙe gidan da shuɗin hayaƙi, sannan ta zauna a silo tana wannan gurnanin da duk wanda ya taso a shekarun 1980 zai gane ko idonsa a rufe. Baba, mahaifinmu, yana zaune a tabarma bai ganin motar sosai, amma ya ɗaga kai ya ce, "Silonta ya yi sama, a rage." Kuma gaskiyarsa.

Ranar mun daɗe muna hira a bakin akwatin kayan aikin Baba, wanda ni a wurina ya kusa fin motar daraja. Akwai sifana mai lamba 10 da 13 da 17 da hannu ya goge su har suna sheƙi, da filaya, da sukudireba mai ƙotar katako, da bindigar giris, da famfon taya na ƙafa, da wata 'yar zarto ta goge bakin kwantak, domin a da ba a jefar da kwantak sai ya cinye. A ƙasan akwatin na tarar da wasu sifanu da ba su shiga ko noti ɗaya a jikin Fijo. Dattijon ya ce na inci ne, na zamanin motocin Ingila, su Bedford da Austin da Land Rover, kafin Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972. Ya ce lokacin da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri a 1975, duk yaron gareji sai da ya sake koyon lambobin sifana. Ya kuma tuna wani abokin aikinsa mutumin Maraɗi da ba ya cewa fulogi sai buji, ba ya cewa distribita sai delko, kuma shi ne ya fara nuna masa wannan ƙirga ta baya.

Ni abin da nake tunawa daban ne: doguwar 504 mai layi uku a tasha, ɗan kamasho yana kiran saura mutum ɗaya, kaya an ɗaure har saman rufi, ta ɗauki hanyar Zariya tana lilo a kan ramuka kamar kwale-kwale. Gwamna a cikinta, ɗan kasuwa a cikinta, amarya ma a cikinta ake kai ta. Motar da aka fito da ita a Faransa a 1968, ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975, ba abin mamaki ba ne ta raina titinmu. Ba na cewa ta fi motocin yanzu a komai. Tana shan mai, tana tsatsa, kuma ba ta da kariyar da sababbi ke da ita in an yi karo. Amma duk abin da ke damunta mutum yana iya ganinsa da ido ko ya ji shi da kunne.

Aikin mako mai zuwa shi ne bawul, domin ina jin ƙas-ƙas a saman inji. Ana auna su ne injin yana sanyi: na shigar mai 0.10 na milimita, na fitar hayaƙi 0.25. Idan gwaji ya nuna gaskit ya tafi, dole a ɗaga kan inji, kuma a nan dattijon ya ja mini kunne sosai. Hannayen rigar tukwanen injin nan, wato bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki, ba a manne suke ba, zaune suke cikin ruwa. In ka cire kai ka juya inji ba ka danne su da noti da washa ba, za su ɗaga, ruwa ya gangara cikin baƙin mai. Duk mai 404 ko 504 a cikinku ya riƙe wannan.

Har yanzu ba ta taka ko taku ɗaya ba. Birki yana nutsewa har ƙasa, tayoyi huɗu duk sun tsage, kuma ƙasan but ya ruɓe inda safaya take rataye, sai mai walda ya gani. Baba dai ya ce ranar da ta fita, shi zai zauna a gaba, kuma kada in kuskura in wuce giya ta uku.