Maki ya tsaya cak: inda na kwana a wasan ces

Ƴan'uwa masu koyo, tun ƙarshen damina makina a Lichess, dandalin buga ces a intanet, bai gusa ba. Yau ya ɗan hau, gobe ya zubo, jibi ya koma inda yake. Na san akwai irina da yawa a cikinku, domin a fadarmu ta Bukoki kusan duk wanda ya ɗora allo maganarsa ke nan kafin shayi na farko ya nuna.

Abin da ya fara sanyaya mini rai shi ne fahimtar yadda ake lissafin makin. Tsarin da Arpad Elo ya ƙirƙiro, wanda hukumar ces ta duniya, FIDE, ta ɗauka a 1970, yana auna ka ne da abokin karawarka. Wanda ya fi ka da maki 200 ana sa ran ya kwashe kusan uku cikin huɗu na makin wasanninku. Lichess na amfani da wani tsari ɗan'uwansa, kuma yakan haɗa ka da tsaranka. To in kullum da tsaranka kake karawa, kusan rabin wasanninka za ka sha kaye, ko ka ƙaru ko ba ka ƙaru ba. Da ka ɗan hau, a turo maka waɗanda suka fi na jiya. Kayen ba zai taɓa raguwa ba, masu kayar da kai ne ke canzawa.

Sanin haka bai hana zuciya tafasa ba. Na koma na duba wasannin da na faɗi, na ga ba a warwatse suke ba, a jere suke zuwa, galibi da dare bayan isha'i. A ba da sarauniya a banza a wasa ɗaya, sai yatsa ya danna sabon wasa don a rama. A na biyun mutum yana kallon allo amma hankalinsa na kan sarauniyar da ta tafi. Ga zafin Yamai, ga kuran da kan ɗauke ana tsaka da wasa, agogo na gudu. Sauri ya haifi nawa.

Dokar da na kafa wa kaina: kaye biyu a jere, na ajiye salula sai gobe. Na kuma bar wasan minti 3, na koma na minti 15 mai ƙarin daƙiƙa 10 a kowane taku. Wasu a fada sun ce wannan wasan tsofaffi ne. Su dai suka sani.

Bayan kowane kaye ina rubuta a littafi takun da nake zargi, kafin in buɗe Stockfish, injin kwamfuta mai nazarin wasa. Wannan na da muhimmanci, don injin zai nuna maka kuskure goma, ka tashi kana jin ba ka san komai ba, alhali guda ɗaya ne ya kashe wasan. A littafina kusan kullum abu ɗaya ne: ban tambayi kaina me takun abokin karawa yake nufi ba. Doki ya yi tsalle ya kama sarki da soro lokaci guda, ni kuwa ina can ina gina harina.

Manya ma ba su tsira ba. A 2006 Vladimir Kramnik, yana zakaran duniya, ya kasa ganin kisan taku ɗaya a karawarsa da kwamfutar Deep Fritz. A Disamba 2024 a Singafo, Ding Liren na Sin yana dab da canjaras a wasa na 14 na gasar kambun duniya, sai ya kai soronsa gidan f2 a taku na 55. Gukesh na Indiya, ɗan shekara 18, ya yi musayar soro da soro, giwa da giwa, aka bar sarakuna da sojoji, ya ci kambun da 7.5 da 6.5.

Wannan wasan ne ya sa na ajiye haddar buɗe wasa na koma ƙarshensa. Ku jera wannan: farin sarki a e5, sojansa a e4, baƙin sarki a e7. In baƙi ne da taku, dole ya kauce, fari ya shige d6 ko f6 ya raka sojansa har ya zama sarauniya. In fari ne da taku, canjaras ne muddin baƙi ya ci gaba da tsayawa ido da ido da shi. Ƴaƴa uku kacal, amma sai da na ɗau lokaci kafin hannuna ya daina tura sojan da wuri.

Makin dai yana nan inda yake. Abin da ya canza shi ne yanzu ana kayar da ni a taku na arba'in, ba na goma sha biyar ba, kuma ina iya faɗin dalili. Mako mai zuwa zan shiga ƙarshen wasa na soro, in fara da matsayin Lucena, inda kowa ke da soro amma ɗaya na da soja dab da zama sarauniya. Wanda ya riga ya iya shi ya zo fada da allonsa ranar Asabar bayan la'asar, sukari da ganyen shayi a wuyana.