Na kulle wasiƙa, na miƙa wa ɓarawo makulli

Jiya da daddare na iske ɗan ƙanwata gaban kwamfuta, ya saka manhajar imel ta Thunderbird yana ta murna, wai daga yau ba mai karanta imel ɗinsa sai wanda ya aika wa. Wani abokin harkarsa ya turo masa makullinsa na kulle imel cikin saƙo, ya kai hannu zai danna amincewa. Na ce, "Tsaya. Ka kira shi?" Ya ce, "Haba Kawu, ga sunansa a jiki." Gabana ya faɗi, domin abin da na gaya wa kaina ke nan a da.

Ni a 2013 na shiga harkar nan, lokacin da labarin Edward Snowden, wanda ya fallasa leƙen asirin gwamnatin Amurka, ya cika duniya. Da na ji cewa ɗan jarida Glenn Greenwald bai saka PGP, manhajar kulle saƙo, ba har Snowden ya koma wajen mai shirya fim Laura Poitras, sai kaina ya kumbura, tunda ni cikin dare ɗaya na haɗa GnuPG da Enigmail, manhajojin da ke wannan aikin. Na haddace cewa Phil Zimmermann ne ya fitar da PGP a 1991, gwamnatin Amurka ta bincike shi har 1996. Na san makulli biyu ne: na fili da kake raba wa jama'a su kulle maka saƙo, da na sirri da kai kaɗai ke buɗewa da shi, kake sa hannu da shi. Duk na sani. Abin da bai shiga kaina ba shi ne, kowa na iya ƙera makulli ya liƙa masa sunan da ya ga dama, manhajar ba ta tambaya.

Wata rana saƙo ya zo daga akwatin wani abokin cinikina, wai tsohon makullinsa ya lalace, ga sabo. Adireshinsa ne, har salon gaisuwarsa. Na karɓa. Makonni ina tura takardun ciniki a kulle tsaf, ashe an kutsa akwatinsa, mai kutsen nake kulle wa. Sa hannun ma kullum manhaja cewa take ya inganta. Ba ta yi ƙarya ba, ya dace da makullin da ni da hannuna na amince da shi. Na kan ce ba laifina ba ne kacokan, manhajojin lokacin wahala gare su, kuma wa zai kira babban mutum ya ce karanto min haruffa da lambobi 40 na tantance makullinka? Kunya ce ta hana ni, ko girman kai, har yau ban raba su ba. Amma dai waya na hannuna.

Bayan nan na huce haushina a kan kalmar sirrin da ke tsare makullina, na yi mata tsawon da ni kaina na manta ta. Saƙonnin shekaru suna nan, ina kallonsu ba na iya buɗewa.

Na yi niyyar jero muku shawarwari da yawa, amma ku yaran yanzu in magana ta wuce layi uku kun zame. To ga shi. Kowane makulli yana da zanen yatsansa, waɗancan haruffa 40. Ka ji su daga bakin mai shi, ido da ido ko ta murya, ba ta imel ɗin da makullin ya biyo ba. Wanda ya ce ya canza makulli, sake kira. Kada ka rubuta kalmar sirri a ko'ina. Ko kuwa rubuta ta a takarda ka ɓoye, ni da ban rubuta ba ga inda na ƙare. Ka kuma sani kullewar ba ta ɓoye wa ya aika wa wa, da ƙarfe nawa. Thunderbird tun 2020 ta shigo da OpenPGP, wato tsarin PGP ɗin, cikinta, an tauna muku an sa a baki, haɗiyewa ce ta gagara.

Yaron ya kira abokin nasa yana ƙunƙuni. Haruffan suka dace ɗaya bayan ɗaya, ya juyo ya ce, "Ka gani ko, Kawu? Ɓata lokaci kawai."