Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Shekarar da na koma ƙirga sharar cikin ƙwayar halitta

Jama'a barkanmu da wannan mako. Wancan karon mun tsaya inda Farfesa ya ɗauke ni daga bencin gwaji ya ajiye ni gaban kwamfuta, wai tunda na iya lissafi sai in gina musu samfurin otofaji.

Otofaji dai ita ce hanyar da ƙwayar halitta take tattara tsofaffin furotin da kayanta da suka lalace, ta naɗe su cikin wata 'yar jaka, ta kai wa laisozom, wato sashen narkar da shara na cikin ƙwayar, ya narkar, a sake amfani da kayan. Christian de Duve ne ya raɗa mata suna a 1963, shi kuma Yoshinori Ohsumi na Japan ya zaƙulo ƙwayoyin gadon da ke tafiyar da ita a jikin yis, ya ci Nobel a 2016.

To aka zubo min data, wallahi kamar ruwan sama, hotunan maikiroskof dubbai, ga ma'aunin furotin ga na RNA, wato saƙon da ƙwayoyin gado ke aikawa don a ƙera furotin, ni kuma aikina in rubuta lissafin da zai nuna yadda wani furotin mai suna mTOR ke taka wa otofaji birki in akwai abinci, da yadda wani furotin ɗin mai suna AMPK ke kunna ta in ƙarfi ya yi ƙasa. Wannan ɓangaren bai wahalar da ni ba sosai.

Inda ƙura ta tashi shi ne LC3, furotin ɗin da ke manne a jikin jakunkunan, shi ake ƙirgawa. In ka ga buhunan shara sun taru a ƙofar gida, ko dai ana ta shara ne sosai ko kuma motar kwasa ce ba ta zo ba, hoto ɗaya ba zai faɗa maka wanne ba ne, kuma ko hoto miliyan ka tara in duk a lokaci guda aka ɗauka amsar ba ta ciki. Samfurina yana karɓar bayanin biyu daidai wa daida.

Na je na samu Farfesa na ce, ranka ya daɗe, yawan data ba zai fitar da mu ba, sai an sa wani sinadari mai suna bafilomaisin an toshe laisozom a auna yadda jakunkunan ke ƙaruwa sa'a bayan sa'a. Ya yi shiru can ya ce to wa zai yi gwajin, kowa da nasa aikin.

Ni ɗin dai da aka kora daga benci, ni aka mayar. Yadda ta kaya da ƙwayoyin nan sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.