Rigimar duma a Tarabulus

Kakata ba ta iya karatu ba, amma mai karatu bai isa ya yi kuskure a gabanta ba. Tun ina ɗan shekara goma sha biyu ni ke karanta mata Littafi Mai Tsarki da dare, tana kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, ni kuma ina manne da fitila. Nata littafin tsoho ne, fassarar Hausa ta 1932, bangon ya rabu har an ɗinke shi da zare. Wata rana kawuna ya kawo sabuwar fassara daga Zariya. Na ɗauka da ɗoki na buɗe wata zabura da take so. Ban kai aya ta uku ba sai na ji ta daina ɓara. Ranar ba ta kira ni "maigida" yadda ta saba ba. Cewa ta yi, "Kai ɗan nan, wa ya taɓa littafin?" Na ce, "Kaka, maganar ɗaya ce, Hausar ce aka gyara." Ta ce, "Ɗauko mini nawa."

Na daɗe ina ganin taurin kan tsufa ne kawai. Sai da na girma na karanta wasiƙun da suka gudana tsakanin Agustin da Jerom, sannan na gane tana da 'yan'uwa a ra'ayi tun shekara dubu ɗaya da ɗari shida da suka wuce.

Agustin bishof ne a Hifo, garin da ake kira Annaba yanzu a Aljeriya. Jerom kuwa, wani malamin Kirista masanin harsuna, yana zaune a Baitalami tun 386, ya duƙufa yana fassara Tsohon Alkawari zuwa Latin kai tsaye daga Ibrananci. A lokacin wannan sabon abu ne, domin Latin ɗin da ake karantawa a majami'u daga tsohuwar fassarar Helenanci, wato Girkanci, aka juyo shi. Wajen 403 Agustin ya rubuta masa cewa an yi tashin hankali a Oya, wato Tarabulus ta Libiya, garin da daga baya ayarin fatake ke haɗa shi da Kano. Bishof ɗin garin ya sa an karanta sabuwar fassarar Jerom ta littafin Annabi Yunusa. Da aka zo kan wata kalma sai jama'a suka ji ba ita suka saba ji ba tun iyaye da kakanni. Majami'a ta kaure. Masu jin Helenanci a cikinsu suka fi kowa ɗaga murya, suna cewa an yi wa nassi ƙarya. Bishof ya rasa mafita, ya je ya tambayi Yahudawan garin, su kuma suka ce abin da ke cikin Ibrananci shi ne abin da jama'a suka sani. Dole ya mayar da tsohuwar kalma, don ya ga alamar zai wayi gari ba shi da mabiya.

Agustin bai ma faɗi kalmar ba a wasiƙarsa. Jerom ne ya gano ta da kansa, domin an taɓa tsangwamarsa a kanta a Roma. Tsiron nan ne da Allah ya tsirar ya yi wa Yunusa inuwa a bayan birnin Nineba. Tsohuwar fassara ta ce "kukurbita", wato duma. Jerom ya sa "hedera", wani tsiro mai hawa bango. Kuma a amsarsa ya yarda cewa ba ko ɗaya cikinsu da ya yi daidai da kalmar Ibrananci, "ƙiƙayon". Ya bayyana ta da cewa tsiro ne mai faɗin ganye, mai saurin girma, yana tsayawa da ƙafarsa ba ya neman abin jingina. Masana da yawa yanzu sun fi karkata ga zurma, wadda muke kira cika-gida, kuma duk wanda ya ga yadda take tashi a bayan gida da damina zai gane siffar. Latin ba ta da sunanta a wajen Jerom, shi ya sa ya ari wani.

To, me zai sa gari ya tashi a kan sunan tsiro? Sai mutum ya san yadda ake karatu a lokacin. Littafi abu ne mai tsada, da hannu ake kwafarsa a kan fata ko takardar gamba ta Masar, kuma masu iya karatu kaɗan ne. Rubutun ma a haɗe yake, harafi na bin harafi, ba tazara tsakanin kalmomi, ba lambar sura balle ta aya. Mai karatu a majami'a muƙami ne da ake naɗawa, sai ya shirya tun kafin ya tsaya gaban jama'a don ya san inda kalma ta ƙare da inda zai ja numfashi. Ko mutum shi kaɗai ne, yawanci da murya yake karatu. A littafin Ayyukan Manzanni, Filibus jin muryar mutumin Habasha ya yi yana karanta Ishaya a cikin karusarsa. Agustin kansa, da ya je Milan a 384, ya tarar da Bishof Ambros yana karatu idonsa na bin shafi, bakinsa a rufe. Abin ya tsaya masa a rai har ya zauna yana neman dalili: ko don kada mai saurare ya tsare shi da tambaya, ko don ya tanadi muryarsa da ke saurin dushewa.

Saboda haka littafin talakan Oya a kunnensa yake. Ba shi da kwafi a gida da zai je ya duba. Abin da ya ji ana maimaitawa shekara da shekaru shi ne duk abin da ya mallaka, kuma in kalma ɗaya ta canja yau ba da saninsa ba, ba shi da hanyar sanin sauran nawa aka canja. Ga shi Yunusa ba baƙo ba ne a idonsu. A kaburburan ƙarƙashin ƙasa na Kiristocin Roma, hoton Yunusa kwance a inuwar rumfa, 'ya'yan duma na reto a kansa, yana cikin zanen da aka fi yawaitawa. Maƙwabtana Musulmi za su fahimci wannan fiye da kowa, su da in liman ya tsallake kalma a sallar asham, daga sahun baya wani zai ɗora masa. Kuma a Suratus Saffat, aya ta 146, tsiron Yunus "yaƙɗin" ne, wanda malamai ke bayyanawa da dangin kabewa da duma.

Ina girmama Jerom ƙwarai. Mutum ne da ya sha wahalar koyon Ibrananci a wajen malamai Yahudawa lokacin da kusan ba Kiristan da ya damu da hakan, kuma gaskiyarsa ce cewa a koma tushe. Amma amsarsa ta yi mini zafi. Ya ce Yahudawan Oya ko dai ba su san Ibrananci ba, ko kuwa wasa suka yi da masu son duma. Mutanen da suka tsaya kan abin da suka ji daga iyayensu, abin dariya ya ɗauke su. Agustin ne ya san irinsu, don yana tsayawa gaban irin waɗannan mutane kowace Lahadi a Hifo. A wasiƙarsa ta gaba ya amince aikin Jerom yana da amfani, amma ya ce ba ya so a karanta shi a majami'u, kada a rikita jama'ar da kunnuwansu da zukatansu suka saba da tsohuwar fassara. A wannan ina tare da shi, ko da yake a ƙarshe fassarar Jerom ce ta mamaye ikilisiyar Yamma, da "hedera" ɗinta, har babban taron bishof-bishof na Katolika a garin Tarent ya tabbatar da ita a 1546.

Yau ni ma ina cikin masu karatu a majami'armu, kuma da sabuwar fassara nake yi, don ita yara suke ganewa. In na ɗago kai nakan ga tsofaffi biyu ko uku a sahun mata leɓɓansu na motsi, suna bin wata Hausa da ba ita ce a gabana ba. Nakan sassauta in ba su lokaci su ƙarasa. Kaka kuwa da tsohon littafinta na ci gaba da karanta mata har ta rasu. Yana cikin akwatina, da ɓawon gyaɗa guda da ta sa alama da shi a Zabura.